Gyatsar saniya da tambayar asalin rai, ina suka haɗu?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina karanta fannin noma shekara ta biyu. A wani darasi malaminmu ya ce wai ƙwayoyin da suke sa shanu fitar da iskar da ke ɗumama duniya suna cikin tsofaffin halittu a doron ƙasa, kuma wai masu binciken yadda rai ya fara ma su suke nazari. Gaskiya ban gane ba. Me ya haɗa rage gurɓatacciyar iskar gona da binciken asalin rai? Kuma da gaske ne za a iya hana saniya fitar da iskar nan, ko dai surutu ne kawai na masu neman kuɗin bincike?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Maganar masu neman kuɗin bincike ta ba ni dariya, don nima ina cikinsu, amma ba komai, tambayar a kan hanya take. In na fahimce ki abu biyu kike so ki sani, na farko ko akwai alaƙa ta gaske tsakanin fannonin nan biyu, na biyu ko magungunan da ake ta yayatawa suna aiki. Malaminku gaskiya ya faɗa, sai dai ya yanke miki labarin a tsakiya. Ni aikina auna iskar da ke fita daga ƙasar gona da kuma daga tumbin dabbobi ne, ɓangaren asalin rai kuwa karatu nake bi kamar yadda kike bi, to ki riƙe wannan a ranki in mun je wajen.

Mu fara da iskar kanta. In aka ce ɗumamar yanayi hankalin mutane yana tafiya kan hayaƙin mota da masana'anta, wato kabon dayoksaid. A gona ba shi ne babban mai laifi ba, akwai wasu guda biyu da ba a ganinsu ba a jin warinsu sosai. Na farko metan, wanda ke fita daga cikin shanu da tumaki da awaki, da ramin kashinsu, da gonar shinkafa mai ruwa kwance. Ba ya daɗewa a sama, kamar shekara 12 ne, amma a cikin shekara 20 na farko ƙarfin riƙe zafinsa ya ninka na kabon dayoksaid wajen sau 80. Na biyu naitros oksaid, wanda ke tashi daga ƙasar da aka zuba wa taki, shi kuma yana wuce shekara 100 a sama, ƙarfinsa ya ninka wajen sau 273. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ce noma ne ke da kusan kashi 40 cikin 100 na metan da ɗan Adam ke jawowa, dabbobi kashi 32, shinkafa kashi 8. A wannan shekarar ce kuma a taron Glasgow ƙasashe sama da 100 suka yi alkawarin rage metan da kashi 30 zuwa 2030.

Abin da ya kamata ki lura da shi, saniya ba ita take ƙera metan ba, shinkafa ma ba ita ba ce, taki shi kaɗai ma ba ya rikiɗa ya zama naitros oksaid. Duk aikin ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani.

Abin da ke faruwa a cikin tumbi

Saniya ba ta iya narkar da ciyawa da kanta. Tumbinta kamar ƙatuwar randa ce, a babbar saniya yana ɗaukar lita fiye da 100, ɗumi wajen digiri 39, kuma babu oksijin a ciki. Bakteriya da sauran ƙwayoyi su ne suke ruɓar da ciyawar su mayar da ita wasu sinadarai masu tsami da jikin saniyar ke tsotsewa ya samu ƙarfi. To a wajen wannan aikin sai haidrojin ya riƙa taruwa, shi kuma haidrojin in ya yi yawa sai aikin narkarwar ya cije, kamar ɗakin girkin da hayaƙi ya cika babu taga. Nan ne wasu ƙwayoyi daban suke shigowa, su ba abin da suke so a duniya irin haidrojin ɗin nan, sai su haɗa shi da kabon dayoksaid, haidrojin huɗu da kabon dayoksaid ɗaya, su samu ɗan ƙarfin da za su rayu, sharar da suka bari ita ce metan da ruwa. Saniya ta yi gyatsa ta fitar. Eh gyatsa, mafi yawansa ta baki yake fita, ba ta inda mutane suke zato suna dariya ba. Saniyar madara mai cin abinci sosai tana fitar da sama da kilo 100 a shekara, kuma asara ce ga mai kiwo don tsakanin kashi 2 zuwa 12 na ƙarfin abincin da ya ba ta a iska yake tafiya.

Waɗannan masu yin metan ɗin, an daɗe ana ɗauka bakteriya ne kamar saura. Sai a 1977 Carl Woese da George Fox a jami'ar Illinois ta Amurka suka duba ƙwayoyin gadonsu suka ga ashe reshe ne guda daban na halitta, wanda yanzu ake kira arkiya. Oksijin guba ne a wajensu. In kika ɗebo ruwan tumbi kika bar shi a buɗe kina karkaɗawa, aikinsu ya tsaya, shi ya sa mu a lab muke ta fama da busa kabon dayoksaid cikin kwalba kafin mu toshe. Me zai sa halitta ta ƙi iskar da kowa ke nema? Ai saboda tsarinta ya girmi zamanin oksijin ɗin. Duniya tana da shekara wajen biliyan 4.5, alamun rai a duwatsun yammacin Ostireliya sun kai wajen biliyan 3.5, shi kuwa oksijin bai taru a sararin sama ba sai wajen shekara biliyan 2.4 da suka wuce. Da ya zo sai suka koma ɓuya a inda ba ya kaiwa, taɓon tafki, ƙasan teku, gonar da ruwa ya rufe, da cikin dabba mai tuƙa. A 1776 Alessandro Volta ya tsokani taɓo da sanda a gefen tafkin Maggiore a Italiya, ya tara kumfar da ta taso ya ga tana kama wuta, bai san numfashin wa ya tara ba.

Ɓangaren masu neman asali

Kafin in shiga, na san yadda maganar nan take yi wa wasu nauyi. Abin da masu binciken suke tambaya shi ne ta wace hanya sinadarai marasa rai suka jeru suka zama tsarin da ke ci yana hayayyafa, tambayar "ta yaya" ce irin wadda likita yake yi a kan yadda jariri ke girma a ciki. Kwalbar lab ba ta amsa tambayar waye ya yi ko don me, ba a ma ƙera ta don haka ba.

Labarin yakan fara ne daga wani abu da kika sani sarai, yuriya. A 1828 Friedrich Wöhler a Jamus ya haɗa yuriya a lab daga gishirin da bai fito daga jikin wata halitta ba, a lokacin da ake ganin sai mai rai ne kaɗai ke iya samar da irin wannan sinadarin. Yau ga shi shi ne takin naitrojin da aka fi zubawa a gonakin duniya. Sai 1952, Stanley Miller yana ɗalibi a jami'ar Chicago ƙarƙashin Harold Urey, ya zuba metan da amoniya da haidrojin da tururin ruwa cikin rufaffen gilashi yana harba musu tartsatsin lantarki a madadin walƙiya. Cikin mako guda ruwan ya yi ja-ja ya yi duhu, da aka duba sai ga amino asid, tubalan da ake gina furotin da su. Ki sake karanta sunayen kayan nan da ya zuba, metan, amoniya, haidrojin. Ai jerin abin da nake aunawa ne a garke. Daga baya masana suka karkata ga cewa iskar farkon duniya ta fi kama da kabon dayoksaid da naitrojin, ba irin haɗin Miller ba, wannan ya rage wa gwajin ƙarfi, duk da cewa a 2008 bayan rasuwarsa an sake bincika tsofaffin kwalabensa da na'urorin zamani aka samu amino asid fiye da 20. Sannan tubalan nan ba wuyar samu suke ba, dutsen da ya faɗo daga sama a Murchison ta Ostireliya a 1969 yana ɗauke da su, ƙurar da kumbon NASA ya kawo daga Bennu, wani dutse mai yawo a sararin samaniya, a 2023 ma an samu 14 daga cikin amino asid 20 da jikinmu ke aiki da su.

Amma tubali daban gini daban. Ni ra'ayin da ya fi kama hankalina, wataƙila don ya fi kusa da sana'ata, shi ne na maɓuɓɓugan ƙasan teku. A 2000 aka gano wani wuri a tsakiyar tekun Atlantika da aka sa wa suna Lost City, wasu fararen hasumiyoyi na dutse, wata ta kai mita 60, ruwa mai ɗumi mai kanwa-kanwa yana fitowa ta cikinsu. A can ruwan teku ne ke ratsa wani irin dutse mai ƙarfe, dutsen ya yi tsatsa a hankali ya saki haidrojin, haidrojin ya gamu da kabon, har metan yana samuwa ba tare da hannun mai rai ba. Wato lissafin nan na cikin tumbi, dutse ma yana yinsa, a hankali dai. A 2016 William Martin da abokan aikinsa a Dusseldorf suka bi diddigin ƙwayoyin gado suka ware 355 da suke ganin kakan dukkan halittu na yau yana da su, hoton da ya fito kuwa na halitta ce mai son zafi, maƙiyiyar oksijin, mai rayuwa da haidrojin da kabon dayoksaid. An yi ta jayayya a kan hanyar da suka bi wajen warewar, har yanzu ma ana yi. A 2020 kuma masu bincike na Jamus da Faransa da abokansu suka nuna cewa ma'adanan ƙarfe da nikel, irin waɗanda ake samu a maɓuɓɓugan nan, suna iya haɗa haidrojin da kabon dayoksaid su ba da asitet da fairubet, sinadaran da ke tsakiyar aikin kowace ƙwayar halitta. Akwai wani ɓangaren da ba su yarda da teku ba sam, irin su John Sutherland a Ingila wanda a 2009 ya haɗa tubalan RNA, wani sinadari mai ɗauke da bayanan gado, a yanayin da ya fi kama da kududdufi mai bushewa yana jiƙa ƙarƙashin hasken rana. Har yau ba wanda ya haɗa ƙwaya mai rai daga sinadarai zalla, duk wanda ya ce miki an yi ya ƙara gishiri.

To ina amfanin wannan ga mai kiwo?

Ki riƙe kalmar nikel. Enzayim ɗin, wato furotin mai hanzarta haɗuwar sinadarai, da yake yin matakin ƙarshe na samar da metan a jikin arkiya, a tsakiyarsa akwai ƙwayar nikel guda ɗaya, kuma masana a Marburg ta Jamus suka fitar da cikakken siffarsa a 1997, ba don shanu ba, don son sanin yadda tsohuwar halittar nan take aiki. Da aka san siffar makullin sai aka ƙera mabuɗin ƙarya, wani ƙaramin sinadari da ake kira 3-NOP, wanda kamfanin DSM ya fitar da sunan Bovaer. Yana shiga gurbin ya taɓa nikel ɗin ya kashe aikinsa. Wajen rubu'in ƙaramin cokali a rana yana rage metan da kusan kashi 30 a shanun madara, Burazil ta amince da shi a 2021, Tarayyar Turai a 2022, Amurka a 2024. To kin ga ba surutu ba ne. Sai dai dole ya kasance cikin kowace loma, in an daina cikin 'yan sa'o'i komai ya koma yadda yake, don haka ya dace da dabbar da ake zuba wa abinci a kwami, ita kuwa mai yawo tana kiwo a fili, wadda ita ce mafi yawa a duniya, da sauran rina a kaba.

Akwai kuma jar ciyawar teku mai suna Asparagopsis, wani gwaji a jami'ar Kaliforniya ta Davis da aka wallafa a 2021 ya nuna ragi sama da kashi 80 a shanun nama. Adadin ya yi kyau a kanun labarai. Amma sinadarin da ke aikin, buromofom, akwai damuwa a kansa ta fuskar lafiyar dabba da ragowarsa a madara, yana gudu daga ciyawar in an ajiye ta, kuma noma ciyawar da za ta ishi shanun duniya sama da biliyan ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne.

Bari in ba ki labarin kunyar da na taɓa sha. Ina ƙaramin mai bincike na gwada ruwan wani ganye mai ɗaci a kwalaben ruwan tumbi, da safe na zuƙi iska da sirinji na auna, metan ya faɗi warwas. Har na fara tsara yadda zan rubuta takarda a kaina. Wani babba a wajen aikinmu ya ce in tace abin da ya rage a kwalbar in auna, sai ga ciyawar nan kusan yadda na zuba ta, ashe ba metan na hana ba, narkarwar gaba ɗaya na kashe. Saniyar da ba ta narkar da abinci ai dole metan ɗinta ya ragu, madararta ma haka. Wasu ganyayyakin kuma suna aiki mako biyu uku a jikin dabba sai ƙwayoyin su saba. Darasin da ke ciki shi ne haidrojin ɗin nan dole ya samu wajen zuwa. Abin da kowa ke mafarki shi ne a karkatar da shi ya zama abinci ga dabbar, kuma akwai ƙwayoyin da ke yin haka, masu mayar da haidrojin da kabon dayoksaid asitet, su ma tsofaffin hannu ne, hanyarsu ce ma masu binciken asalin rai suka fi zargin ita ce ta farko. A cikin hanjin garar da ke cin itace su ne ke da rinjaye. A tumbin saniya akwai su, amma arkiya sun fi su iya wawure haidrojin tun yana ɗan kaɗan, sai su bar su da yunwa. Wanda ya gano yadda za a juya wannan gasar ya gama da rabin matsalar.

Kafin a kai can, abin da ya fi aiki a mafi yawan garkunan duniya ba shi da wani armashi, abinci mai kyau, maganin tsutsa, rigakafi, dabba ta kai girman yanka ko ta fara haihuwa da wuri. Saniyar da ta kai nauyinta a shekara biyu maimakon huɗu ta rage shekara biyu na gyatsa. A Niyu Zilan ma sun nuna ana gadon ƙarancin metan, sun zaɓi tumaki a kan haka zuriya bayan zuriya.

Shinkafa kuwa maganinta ya fi sauƙin ganewa tunda kin san oksijin guba ne gare su. Cibiyar binciken shinkafa ta IRRI a Filifin ta yaɗa dabarar a bar ruwa ya janye sannan a sake cikawa, ana kafa ɗan bututu mai huji-huji a gona, in ruwan ciki ya sauka santimita 15 ƙasa da fuskar ƙasa sai a sake ba da ruwa. Iska ta shiga, masu metan su kwanta. Ana samun ragin kashi 30 zuwa 70, ga ruwan ban-ruwa ya ragu. Sai dai a kula da taki, don jiƙa da bushewa shi ne yanayin da naitros oksaid yake so, kar a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Maganar taki

Kashi 78 na iskar da muke shaƙa naitrojin ne, amma a ɗaure yake tamau, shuka ba ta iya taɓa shi. Fritz Haber ya kwance ɗaurin a 1909, ya mayar da naitrojin amoniya da ake yin taki da ita, Carl Bosch ya mayar da shi masana'anta a 1913, da zafin digiri 400 zuwa 500 da matsi mai tsanani, aikin da yau yake cin kashi 1 zuwa 2 na makamashin duniya. A dunƙule abin da amfanin gona ke ɗauka daga naitrojin ɗin da aka zuba bai kai rabi ba ko da ƙyar ya kai. Yuriya in ta sauka a ƙasa wani enzayim mai suna yuriyes ne ke farfasa ta ta zama amoniya, kuma shi ma nikel ne a tsakiyarsa. In a sama aka watsa ta cikin zafi ba a rufe ba, wani kaso mai yawa sai ya bi iska. Abin da ya rage kuma bakteriya su mayar da shi naitret, in ƙasa ta jiƙe sharkaf oksijin ya yi ƙaranci wasu su shaƙi naitret ɗin a madadinsa su saki naitros oksaid. Akwai sinadaran rage gudun waɗannan matakan, NBPT na yuriyes, DCD da DMPP na mataki na biyu, suna aiki amma zafi yana saurin lalata su, kuma a 2013 Niyu Zilan ta dakatar da DCD bayan an ga ɓurɓushinsa a madara. Wata ciyawar kiwo mai suna Brachiaria ma saiwarta da kanta take fitar da irin wannan maganin, ana ta ƙoƙarin sa wa alkama wannan halin.

Auna naitros oksaid kuwa sai mai haƙuri. Akwati muke kifawa a ƙasa, mu zuƙi iska da sirinji duk bayan 'yan mintuna mu kai lab. Wata shekara na tsara zuwa sau ɗaya a mako, ruwa ya sauka kwana biyu bayan an zuba taki, kafin ranar zuwana ta zagayo abin ya tashi ya sauka, takarduna suka nuna gona lafiya lau. Yawancin na shekara a cikin 'yan kwanaki irin waɗannan yake fita, shi ya sa in kika ga adadi a rahoto ki fara tambayar sau nawa aka auna. Shawarar da ke fitowa daga duk wannan dai ita ce wadda kika riga kika ji a aji, a raba taki kashi-kashi daidai lokacin da shuka ke buƙata, a binne shi, kar a zuba ana gab da ruwa mai ƙarfi.

In kina son ki ga inda fannonin biyu suka haɗu da idonki, ki tono wake ko waken suya mai fure, ki wanke saiwar, za ki ga 'yan ƙulle-ƙulle manne da ita. Ki tsaga ɗaya da reza. In yana aiki cikinsa ja-ja ne kamar nama. Bakteriyar ciki tana yin abin da masana'antar Haber take yi amma a zafin ƙasa kawai, da enzayim mai dunƙulen ƙarfe da sulfa da molibdenom a tsakiya, wanda tsarinsa ya yi kama da na ma'adanan can ƙasan teku, kuma oksijin yana lalata shi nan take. Jan da kika gani wani furotin ne ɗan'uwan wanda ke cikin jininmu, shukar ce ta yi shi don ya riƙa kame oksijin yana miƙa wa bakteriyar kaɗan-kaɗan. In kika samu ciki fari ko kore-kore, wannan ƙullin ba ya aiki, ki tsaga wani.